Sitiyarin Peugeot 504 yana wasa: a gyara na asali ko a dasa mata wani?

Abban Sultan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema a kan Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, ta 1985. Motar marigayi mahaifinmu ce, ta daɗe a jingine, bara muka tayar da ita. Inji lafiya lau, giya lafiya, birki an yi masa aiki. Sitiyari ne ya hana ni sakat. Idan tana tsaye sai in murza shi kusan faɗin yatsu huɗu kafin taya ta motsa. A kan titi kuwa, tsakanin Zariya da Kaduna, yawo take yi, ina taro ta dama tana zillewa hagu. In na faɗa rami sai in ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa. Bakaniken da na kai wa ya ce rak, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke tura tayoyin gaba dama da hagu, ya mutu, a cire shi gaba ɗaya a dasa na wata ƙaramar motar Japan mai fawa, wato mai na'urar da ke sauƙaƙa murza sitiyari, za su yi walda su daidaita. Kuɗin da ya faɗa ba kaɗan ba ne, amma ba shi ya fi damuna ba. Hankalina ne bai kwanta da maganar waldar ba. Haka ake yi?

Usta Kakuri:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku da rahama. Kafin komai, da ya ce rak ya mutu, shiga ƙarƙashin motar ya yi kana murza sitiyari, ko daga sama ya yanke hukunci?

Abban Sultan:
Amin Baba, na gode. Zama ya yi a kujerar direba ya jijjiga sitiyarin, ya ɗan zagaya da ita, ya dawo ya faɗi haka.

Usta Kakuri:
To bai duba ba tukuna. Ɗana, daga hannunka zuwa tayar nan akwai gaɓoɓi da yawa, kuma kowace in ta ɗan ci, wasanta yana haɗuwa da na 'yar'uwarta har ya iso hannunka ya zama yatsu huɗu. Wanda ke zaune a kujera jimillar kawai yake ji, ba zai san daga ina ta fito ba.

Ga yadda za ku yi. A ɗora motar a kan ramin gareji, tayoyinta a ƙasa, nauyinta a kansu. Kada a ɗaga ta da jek a wannan gwajin, domin in taya tana lilo a sama ba abin da ke riƙe ta, wasan sai ya ɓuya. Ka sa yaro ya zauna ya riƙa murza sitiyari dama da hagu kaɗan-kaɗan, ba tsayawa. Kai da bakanike ku shiga da tocila ku bi shi daga sama. Ku fara da inda sandar sitiyari ta sauko ta haɗu da rak. A 504 akwai wani faifan roba a nan, shi ke haɗa su, shi ke shanye girgizar hanya kada ta iso hannu. Motar da ta shekara arba'in, ta kuma zauna a zafin ƙasar nan, da wuya ka sami faifan nan bai tsattsage ba. In ka ga sandar sama tana juyawa ta ƙasa tana jinkiri, ka kama ɓarawo na farko.

Daga nan ku duba kusoshin da suka ɗaure rak ɗin a jikin ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji. In gidan rak yana motsi gaba ɗayansa, ɗauri ne ya saki. Sai ku ɗora hannu a kan kowace gaɓa ta tayarod, wato sandar da ke haɗa bakin rak da taya, gaɓar ciki da ta waje. Hannu ya fi ido gani a nan, za ka ji ɗan bugun a tafinka tun kafin ka gan shi.

Bayan wannan ne za a ɗaga gaban, a tokare ta da ƙafar ƙarfe, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita. Ka kama taya ta gefe da gefe ka jijjiga: in ta yi wasa, tayarod ne ko rak. Ka kama ta sama da ƙasa: in ta yi wasa, boris ɗin taya ne ko bol join na ƙasa, wato gaɓar da taya ke juyawa a kanta in an murza sitiyari. Ka dawo mana da abin da kuka gani.

Tsohon Direba:
Usta ya gama magana. Na yi shekaru ina jan 504 wagon tsakanin Kano da Gusau, fasinja cike, kaya a bayan but har sama. Rak ɗin Peugeot ba ya saurin mutuwa. Abin da ke kashe shi robar da ke rufe bakinsa ce, in ta yage aka ƙyale.

Usta Kakuri:
Haka ne Alhaji. Robar nan mai lanƙwasa da ke kowane gefe, arha gare ta, amma ita ce ran rak. In ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris, sai ta zama kamar yashin da ake goge tukunya da shi, kullum kana murzawa tana cin haƙoran. Damina ta zo ruwa ya shiga, tsatsa ta ƙarasa aikin. Shi ya sa nake son Abban Sultan ya gaya mana halin da robobin suke ciki.

Saddam Gareji:
Da girmamawa ga manya, amma ni ban ga laifin shawarar bakaniken ba. Mun sha dasa rak ɗin fawa a tsofaffin motoci, masu su suna yawo da su har gobe. Kayan 504 na asali yanzu sai an sha wuya, na Japan kuwa ko'ina akwai. Me ya sa mutum zai wahalar da kansa?

Injiniya Zazzau:
Malam Saddam, bari in faɗi abin da ke tsorata ni a aikin nan, ba don raina sana'arku ba.

Gaban 504 irin wanda shok da sifirin suke haɗe wuri guda ne, da hannu guda a ƙasa yana riƙe taya. Idan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, hannun nan yana lilo sama da ƙasa daga inda aka ɗaure shi. Tayarod shi ma lilo yake yi daga bakin rak. Masu ƙera motar sun auna tsawon rak da tsayin wurin zamansa yadda lilon nan biyu za su tafi tare. In ka kawo rak ɗin wata mota wanda ya fi tsawo ko ya gaza, ko ka ɗora shi sama ko ƙasa da wurinsa ko da santimita ɗaya ko biyu, lilon ya saɓa. Sakamakon shi ne duk sanda taya ta hau ko ta sauka, za ta karkata da kanta alhali direba bai taɓa sitiyari ba. A cikin gari, ana tafiya a hankali, ba za ka lura ba, shi ya sa masu motocin suke ce maka lafiya lau. A kan babbar hanya, kana gudun kilomita 100, ka haɗu da rami a kan kwana, a nan ne za ka san an taɓa ma'aunin motar.

Na biyu kuma walda. Sandar sitiyari da tayarod ƙarfe ne da aka gasa aka daidaita ƙarfinsa. Wuta tana canza shi, gefen waldar yakan yi gautsi. Ba ya lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, karyewa yake yi lokaci guda.

Saddam Gareji:
Injiniya, ilimin takarda daban, na gareji daban. Mu muna aunawa kafin mu ɗaure.

Injiniya Zazzau:
Na yarda kuna aunawa. Tambayata ita ce, bayan kun ɗaure, kuna danna gaban motar ƙasa ku sake auna tsakanin tayoyin, ku ɗaga ku sake aunawa? In kuna yi kuma awon bai canza ba, na janye maganata a kan aikinku. Yawancin waɗanda na gani abin da suke dubawa shi ne ko rak ya shiga wurin bai taɓa inji ba.

Tsohon Direba:
Saddam ɗana, ba takarda ba ce. Na taɓa tarar da a-kori-kura a gefen hanya bayan Funtuwa, tayar gaba ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli yamma. Tayarod ne da aka taɓa yi wa walda ya rabu. Allah ya taƙaita, buhunan masara ne a ciki, direban da yaronsa suka fita da rauni. Tun daga ranar ban ƙara yarda wuta ta kusanci sitiyarin motata ba.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko, kuma ina so in sa baki ta wani ɓangaren. Mu ma akwai 504 wagon a gidanmu, maigida yana ji da ita. Ni ma ina son ta, ta ɗauke mu mu duka da yara da kaya. Amma gaskiya ba na iya fita da ita ni kaɗai. In zan juya a ƙofar makaranta ko in yi fakin a kasuwa, sai kafaɗuna sun yi ciwo. Duk sanda aka yi maganar fawa sai maza su ce a bar ta yadda kamfani ya yi ta. To motar da rabin gida ba sa iya tuƙawa, ajiye ta za a yi ana kallo? Wanda yake son sauƙi bai yi laifi ba.

Usta Kakuri:
Hajiya, ba ki yi laifi ba ko kaɗan, kuma ba fawa nake ƙi ba. Abin da nake ƙi shi ne a yanka a liƙa. Amma kafin a kai ga fawa, ki sa a duba abubuwa kaɗan, domin 504 mai lafiya ba ta kai nauyin da kike faɗa ba.

Wace irin taya ke ƙafarta? Salun da 175 a kan rim 14 ta saba fitowa. Yanzu sai ka ga an sa mata faffaɗar taya don kyau, to duk faɗin da aka ƙara, hannun direba ne zai biya. Iska kuma fa? Tayar gaba in iskarta ta ragu, sitiyari sai ya yi nauyi nan take. Sannan a saman shok akwai boris da yake juyawa duk sanda aka murza sitiyari, in ya bushe ko ya yi tsatsa, sai ki ji kamar ana riƙe miki hannu. Bol join na ƙasa ma haka. Sai kuma kan sitiyarin kansa. Da gangan aka yi shi da faɗi, kuma daga ƙarshe zuwa ƙarshe yana juyawa wajen sau huɗu da rabi, don a rage wa direba ƙarfi. In an cire shi an sa ɗan ƙarami na ado, an ƙara miki aiki.

In duk an duba waɗannan kuma har yanzu ya yi miki nauyi, to a nemo fawar gidan. Akwai 504 da suka fito da fawa tun daga kamfani, kuma ƙanwarta 505, wadda ta fito a 1979, da yawanta suna da ita, ƙirar gabansu kuma kusan ɗaya ce. Amma a ɗauko kayan a haɗe daga mota guda: rak, famfo, mazaunin famfo, fuli, tankin mai, bututai, har da ƙarfen da rak yake zama a kai in nasu ya bambanta. Wanda ya san Peugeot ya auna ya haɗa da kusoshi, ba da wuta ba.

Maman Ilham:
Na gode Baba. Tayoyin kam manya ne, maigida ya canza su. Zan nuna masa wannan.

Saddam Gareji:
Akwai kuma ta lantarki yanzu, wadda ake ɗaurawa a jikin sandar sitiyari ƙarƙashin dashbod. Ba a taɓa rak ma.

Injiniya Zazzau:
Wannan ta fi dasa baƙon rak hankali, domin ma'aunin ƙasa bai canza ba. Amma sai an yanke sandar an haɗa, to haɗin ya zama na mashin mai haƙora da kusa, ba waldar bakin titi ba. Tana kuma jan wuta sosai lokacin fakin, tsohuwar altaneta ba lallai ta ɗauka ba. Abu na uku, a motar da aka ciro ta, kwamfuta ce ke gaya mata gudun mota don ta rage taimako in an yi nisa da gudu. A 504 babu wannan saƙon, in ba a yi mata dabara ba sitiyari yana iya yin sakayau a kan babbar hanya. Kuma kowace irin fawa ce, ba ta gyara wasa. In tayarod ya ci, fawa ɓoye maka shi kawai za ta yi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan 504 ɗinmu da yawa ba ta Kaduna suka zo ba. A shekarun 1980 Turawa ke tuƙo su daga Faransa, su ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo Arlit da Agadas su sayar. Motar da ta ƙetare wannan hamadar da rak ɗinta na asali, ba ramin Zariya ne zai sa a ce a jefar da shi ba. Abin da na sani, masu zuwa da dizal sun fi nauyi a hannu saboda injin ya fi nauyi. Kuma a yashi mukan rage iskar taya, to in ka fito kwalta ka manta ba ka mayar ba, za ka ce sitiyari ya lalace.

Shawarata ga mai tambaya, faifan robar da Usta ya ambata, kada ka yarda a yanko maka shi daga tsohuwar taya. Ana yi a nan, na gani. Na gaskiya akwai zare a cikinsa da ƙarfe a ramukan kusoshi.

Mai Kaya Ƙofar Ruwa:
Tunda an zo maganar kaya bari in ce wani abu, sana'ata ce. Ba gaskiya ba ne cewa kayan 504 sun ɓace. Faransa ta fara ta a 1968, kamfanin Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma bai daina 504 ba sai wajen 2006, shekaru da yawa bayan Turai ta bar salun ɗin a 1983. Ajantina ma ta yi ta har 1999. Motar da aka yi miliyoyinta ba ta rasa kaya. A nan Ƙofar Ruwa akwai, Panteka a Kaduna akwai, Ladipo a Legas akwai. Matsalar ita ce ingancin abin da za a miƙo maka.

Kan tayarod da bol join, sabo za ka saya, kada ka sayi na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohuwar motar waje, domin ba ka san tafiyar da ya yi ba. Sabon ma ka gwada shi da hannu: mai kyau yana da tauri, da ƙyar za ka karkata shi. In yana lilo tun a kwali, ajiye musu. Rak kuwa na Beljiyam mai kyau ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Ka zame robar ka ga haƙoran tsakiya, ka murza shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka ji ko yana sarƙewa. Kayan roba kuma akasin haka ne, wanda ya shekara ashirin a kanti ko ba a taɓa sa shi ba ya bushe, lanƙwasa shi ka duba tsaga.

Kuma don Allah ka zo da tsohon a hannunka. An yi canje-canje a 504 tsawon shekarun nan, bakin rak na motocin farko da na waɗanda suka biyo baya ba iri ɗaya ba ne, na salun da na a-kori-kura ma akwai inda suka saɓa. Ka lura da hannu kuma. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, saboda haka duk haɗin Kaduna sitiyarinsu a hagu yake. Rak ɗin da aka ciro daga motar Ingila ko Kenya ba zai yi maka ba.

Mai Beetle:
Ni Volkswagen gare ni. In tawa ta fara wasa, akwai noti a saman akwatin sitiyari da ake ɗan ɗaurewa. 504 ba ta da irinsa ne?

Usta Kakuri:
Taka akwati ce, ba rak ba, tsarinsu daban. Haka Mercedes 200 da 230 na shekarun 1976 zuwa 1985, akwati gare su. Kuma ka ga abin da ke sa nake cewa a kai mota wurin wanda ya san ta: a Mercedes ɗin nan, in kana son rage wasa, kusar waje ake warware ta, ba ciki ake ɗaure ta ba. Wanda ya saba da wata mota sai ya yi akasin haka.

A 504 abin da ke akwai shi ne wani ɗan turmi da sifirin a bayansa, yana danna rak a jikin ƙaramin giyan da ke juya shi. Ana iya daidaita shi, amma da taka-tsantsan. Rak a tsakiya yake ci, domin a nan mota take yini, gefunansa kuwa kusan sababbi ne. In ka matse shi har wasan tsakiya ya ɓace gaba ɗaya, to in ka sha kwana zai cije a gefe, sitiyari ya ƙi dawowa da kansa. Wannan ya fi wasan haɗari. Kai ma a Beetle ɗinka haka abin yake, kada ka ɗaure har ƙarshe, ɗan wasa kamar faɗin yatsa a bakin sitiyari ba laifi ba ne a motar akwati.

Ɗan Tasha:
Duk maganganun nan na masu hali ne. Direban haya da ke neman na cefane, in kan tayarod ya yi wasa, bakanike ya buga masa guduma a gindi ya matse, ko ya cusa leda a ciki, ya ci gaba da nema. Ba don ba mu san sabo ya fi ba.

Tsohon Direba:
Na san halin da kake faɗa, na zauna a cikinsa. Amma ka yi lissafi da ni. Gudumar nan ba ta mayar da ƙarfen da ya cinye, matse bakin kawai take yi, bayan mako biyu ya koma, kuma yanzu gidan ya raunana. A tsakanin nan tayarka ta gaba tana cin gefe. Kuɗin taya ɗaya ya sayi kan tayarod nawa? Ban ma kawo maganar rayuka tara da ke bayanka ba. In za a yi tsimi a yi a fenti, a yi a kujera.

Ɗan Tasha:
Maganar taya gaskiya ce Alhaji, ita ke cinye mu.

Abban Sultan:
Jama'a na dawo. Na kai ta wurin wani dattijo da ya daɗe yana aikin Peugeot, muka bi yadda Baba Usta ya tsara. Faifan robar ya tsage ta wuri biyu, ana murzawa ana ganin yana buɗewa. Kan tayarod na dama ya ci sosai, shi ke ƙwas-ƙwas ɗin. Bushin, wato robobin maɗaurin hannun ƙasa, duk sun mutu. Robar rak ta hagu ta yage, amma da ya kwance rak ɗin ya wanke, haƙoran lafiya, tsatsa kaɗan ce a gefe ya goge. Ya cika shi da sabon giris ya sa sababbin robobi. Bol join kuwa ya ce da sauran ƙarfinsu. Mun canza faifan da bushin ɗin, da kan tayarod duka biyun. Wasan yanzu bai kai faɗin yatsa ba.

Saura abu biyu. Sitiyarin ya ɗan karkace hagu in ina tafiya miƙe, kuma in na kai wajen kilomita 90 yana rawa a hannuna. Wani ya ce a cire kan sitiyarin a mayar da shi daidai.

Saddam Gareji:
To madalla, tunda haƙoran na nan ba maganar canji. Rawar kuwa ba sitiyari ba ne, balansin ne, ko rim ya lanƙwashe. Ka kai a juya tayoyin a mashin.

Injiniya Zazzau:
A nan ni da Malam Saddam bakinmu ɗaya. Kuma tunda motar ta daɗe a jingine, ka duba shekarun tayoyin. A gefen kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta daɗe a tsaye wuri guda takan yi shafaffen gefe, kuma ko zanenta bai cinye ba robar ta tsufa. Irin wannan ba balansin da zai hana ta rawa.

Usta Kakuri:
Alhamdu lillahi. Ka gaishe min da dattijon nan, ya yi aiki.

Kan sitiyari kuwa kada a cire shi. Kafin a taɓa motar a miƙe yake, ko ba haka ba? To ba shi ne ya karkace ba, tsawon tayarod ne ya canza da aka sa sababbi. In ka cire kan ka gyara shi daga sama, rak ya bar tsakiyarsa, motar za ta fi juyawa ta gefe guda, kuma abin da ke kashe sigina bayan kwana zai rikice. A wurin alaimen, wato wurin saita tayoyi, za a gyara. A murza sitiyari zuwa ƙarshen dama, a ƙirga zuwa ƙarshen hagu, a dawo rabi, a riƙe shi a nan, sannan a daidaita tayoyin daga tayarod. Gaban tayoyin 504 yana ɗan tsukewa ciki kaɗan, wajen milimita 3, ba a barin su a buɗe. In aka bar su a buɗe za ta ci gefen ciki na taya kuma yawon da ka yi kuka da shi zai dawo.

Abban Sultan:
Baba, wurin masu kwamfuta zan kai, ko masu igiya?

Saddam Gareji:
Kwamfuta mana, ta fi daidai.

Usta Kakuri:
Kwamfuta ta fi daidai in an ba ta awon da ya dace. Da yawa daga cikinsu babu 504 a jerin motocinsu, sai yaron ya zaɓi wata Peugeot ta zamani mai jan gaba ya saita maka a kanta. Ka tambaye shi awon da zai sa tun kafin ya kama sifana. In bai da shi, ka ba shi wanda na faɗa, mashin ɗin zai auna. Mai igiya da ya san aikinsa shi ma zai fitar da ita, muddin ƙasan wurin a shafe yake kuma iskar tayoyin daidai take.

Amma kafin ka je, koma wurin dattijon ka tambaye shi abu ɗaya. Bushin ɗin da ya canza, ya ƙarasa ɗaure su motar tana sama ne, ko bayan ta sauka a kan ƙafafunta? In tana sama aka ɗaure, robar a murɗe take yanzu, ba za ta daɗe ba. A sassauta, a sauke motar, a ɗan girgiza gaban, a ɗaure. Ka kuma duba notin kan tayarod da idonka: in mai rami ne a ga fin a ciki an tanƙwara shi, ba ƙusa ko waya ba, in mai roba a baki ne ya zama sabo. Sannan balansin, sannan alaimen a ƙarshe. Bayan ka yi tafiya ɗaya zuwa Kaduna ka dawo, a sake hawa rami a bi kusoshin faifan da na rak da sifana.

Maman Ilham:
Baba Usta, an mayar wa tamu ƙananan tayoyi an cika iska, ta yi sauƙi sosai, amma in ana murzawa tana tsaye akwai ƙara daga saman tayar hagu, kamar sifirin yana tsalle.

Usta Kakuri:
Boris ɗin saman shok ne, Hajiya, ya cije, sifirin ke murɗewa yana kuɓucewa. A canza na ɓangarorin biyu tare. Ki gaya wa maigida ya tabbatar bakaniken yana da abin matse sifirin kafin ya kwance notin sama, kada a yi shi da igiya ko waya.